Kwana Talatin a Ɗakin Gwaji

Ƙarfe biyun dare. Agege ta yi tsit,
sai janareton gidan burodi yana tari a bayan layi.
Ƙunshin manhaja guda ke gabana,
yau kwanansa talatin a ɗakin gwaji.
Ƙa'ida ta ce: in wata ya cika ba wanda ya koka,
a buɗe masa ƙofa, a kira shi tabbatacce.

Ƙa'ida ce mai kyau.
Da hannuna aka rubuta ta.

Tun magariba Obiora ya aiko daga Yaba:
"A wajena lafiya lau yake. Sa hannu mu wuce."
Na san wajen nasa.
Kwamfutarsa ko shekara ba ta yi ba,
wutar ofishinsu ba ta ƙiftawa.

Shiru kuma iri biyu ne.
Akwai shirun wanda ya ci ya ƙoshi,
akwai na gidan da ka yi sallama ba kowa ciki.

Bara ma haka na sa hannu.
A Idi-Araba, Inna Gwamma mai kemis,
wadda ɗan ƙanenta Sagir ya ɗora wa tsarinmu kyauta,
tana cikin sabuntawa aka ɗauke wuta.
Da wuta ta dawo, lissafin bashin wata shida bai dawo ba.
Ba ta rubuto ƙorafi ba.
Ina ta san ana rubutowa?
Ta lulluɓe na'urar da tsohon zane,
ta aiki yaro ya sayo littafi da biro.
Mu kuwa a kundinmu muka rubuta: babu matsala.

Don haka na janyo tsohuwar da ke ƙarƙashin gado,
wadda na saya a Ikeja, hannu na uku,
mai fanka kamar injin markaɗe.
Na ɗora mata ƙunshin.
Da ya kai rabi na fizge waya daga bango,
na ƙirga goma cikin duhu, na mayar.

Ta tashi.
Wallahi ta tashi, ba abin da ya zube.

Saura kaɗan in sa hannu.
Sai na ce bari in rubuta suna a rasit:
Ɓaidu Ɗanƙaura.
Takarda ta fito da akwatuna uku, fanko,
a gurbin haruffan da muke lanƙwasa wa kai.
Wata guda cur, masu gwaji goma sha bakwai,
ba mai ƙugiya a sunansa.

Faci layi huɗu ne, na gama kafin shayi ya huce.
Amma faci sabon abu ne,
sabon abu kuwa daga ɗaya yake fara ƙirga.

Na san abin da Morenike za ta ce da safe:
tsohon ƙunshin da ke hannun mutane yana da rami,
ɓarayi sun san ramin,
kowace ranar jira wani ne ke biyan kuɗinta.
Mai jiran teku ya lafa, a bakin gaɓa zai yi furfura.
Gaskiyarta.
Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa,
to, wa ke da shekara arba'in a garin nan?

Na taɓa maƙalewa a go-silo bisa doguwar gada,
tirela ta wuce, na ji kwalta na rawa ƙarƙashin taya.
Direba ko a jikinsa.
Ya ce ran da ta daina rawa, ran nan za ka ji tsoro.

Na rubuta musu:
"A toshe ramin yau, shi kaɗai.
Sauran ya ƙara mako biyu, ba talatin ba.
A nemo mini masu gwaji uku da ba su da janareto."

Ladan ya soma gyaran murya.
A titi yaron mota na kiran Oshodi, Oshodi.
In gari ya waye zan bi ta Idi-Araba,
in ga ko Inna za ta yarda a ɗaga zanen.